Madubin Ƙofar Fada

An ce wani sarki ne a can ƙasar Sin, a zamanin da ya shuɗe, ya gina sabuwar fada a bakin wani kwari. Mutanen ƙasar suna da wani ilimi da suke kira iska da ruwa, da shi suke zaɓen inda za a kafa gida da inda ƙofa za ta fuskanta. A wurinsu gida nagari shi ne mai tudu a bayansa da ruwa mai tafiya a hankali a gabansa. Abin da suka fi tsoro kuwa shi ne miƙaƙƙiyar hanya ko tsagar dutse ta saito ƙofar mutum, don sun ce ta nan sharri yake tahowa kamar kibiya.

Sai da aka gama gini sannan aka lura ƙofar fada tana kallon wata tsaga tsakanin duwatsu biyu, inda iska mai sanyi take fitowa ta daki zaure. Maganin wannan a al'adarsu shi ne madubi, wai yana kawar da sharri daga ƙofa. Sarki ya sa aka ƙera na tagulla, ƙato, aka goge shi har yana ɗaukar ido, aka kafa shi bisa ƙofa, aka karkatar da shi gefe. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke gefen.

Abin da ke gefen kuwa wani gidan sufaye ne, a jikin tudu, hayin rafi. Mutane ne da suka bar aure da dukiya, suka aske kai, suka zauna suna ibada bisa addininsu. Ƙararrawa ce take tashinsu, ita take kiransu cin abinci. Suna share tsakar gida, suna noma ɗan lambu, shinkafa kuwa mutanen ƙauyuka ne suke hawowa da ita sadaka. Babbansu wani tsoho ne, Miyao Sun, wanda ya yi shekaru yana koyar da yara karatu kafin ya bar duniya. Mutum ne mai son komai a wurinsa. Ko tsintsiya aka jingine a karkace sai ya gyara ta. Ban da wannan ba shi da wata damuwa, zamansa lafiya lau, har ranar da hasken madubin ya fara dukan ƙofarsu kowane hantsi.

Da fari bai kula ba. Sai da ya ga kunun safe yana ta tsinkewa, ya kira Fa Dun, sufin da ke musu girki.

"Wannan kunu ne ko ruwan wanke tukunya?"

Fa Dun ya ce, "Malam, da hannuna na jefa shinkafa a ciki, amma na bi ta da ludayi har ƙasa ban same ta ba. Rumbu ya kusa ƙarewa. Jiya tsohuwar nan mai kawo mana kabeji ta tsaya a kan gada tana ƙwala mini kira. Na ce, Inna, ƙaraso mana. Ta ce ita da jikoki, ba za ta sa kanta ƙarƙashin sharrin sarki ba. Kowa a kwarin nan ya san inda madubi ya nufa."

"Kai ma ka tsorata?"

"Ni cikina ne ya tsorata, Malam. Ga ɗari yana tafe, ga tsofaffinmu da ba sa iya sauka."

Miyao Sun shi ma masanin iska da ruwa ne, kuma ya san ƙa'idar da kowane ɗalibi yake fara koya: ba a saita madubi ga ƙofar maƙwabci. Ransa ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran malamin da ya ga babban mutum ya yi kuskuren ƙananan yara. Ya ɗauki sandarsa ya sauka zuwa fada.

Sarki ya karɓe shi da murna, don ya daɗe yana jin labarinsa. Ya ce, "Ya tsoho, an ce ba wanda ya kai ka sanin iska da ruwa. Ga fadata, duba ta. In ka sami aibi a cikinta ka roƙi abin da kake so."

Miyao Sun ya ce, "Ya sarki, ranka ya daɗe. Tudu yana bayanka, rafi yana gabanka, ɗakunanka sun zauna daidai. A cikinta ban ga aibi ba. Amma ina da tambaya. Idan baranka ya share ɗakinka, ina yake kai sharar?"

Sarki ya yi dariya. "Juji mana."

"Idan kuma ya tura ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin mahaifiyarka fa? Ɗakinka dai ya yi fes."

"Sai na sa a zane shi. Ai gida ɗaya ne."

"To, ya sarki, ina iyakar gidanka?"

Sarki ya gyara zama, ya ce, "Daga teku har zuwa duwatsun ƙanƙara, duk gidana ne."

"Ɗan ƙaramin gidanmu na kan tudu yana ciki?"

"Yana ciki."

"Ashe kuwa an share zaurenka an tura mana sharar. Ban zo in yi musu a kan abin da madubi yake ɗauka ba. Abin da na sani shi ne mutane sun daina hawowa, rumbunmu ya bushe, kuma akwai tsofaffi a gidan da ba za su ga ƙarshen ɗari ba in aka ci gaba haka. Haƙƙinmu na zo nema."

Sarki ba azzalumi ba ne, bai dai taɓa duban inda madubin ya nufa ba. Ya juya ga wazirinsa ya ce, "A karkatar da shi yau ɗin nan."

Miyao Sun bai motsa ba. Ya ce, "Zuwa ina?"

Waziri ya ce, "Ɗaya gefen mana, Malam."

"Can unguwar masu ginin tukwane ce. Wa zai ƙara sayen tukunyar da aka gina ƙarƙashin sharrin sarki?"

"To a ɗaga shi sama kaɗan."

"Sai ya kalli tudun da kakannin sarki suke kwance."

Waziri ya share gumi. "A sunkuyar da shi ƙasa ke nan?"

"Sai ya zuba a kan dokin ƙofarku, kai da kake shiga kullum ka fara takawa."

Wasu fadawa suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Sarki kuwa ya harzuƙa. Ya ce, "Tsoho, haƙƙinka ka zo nema ko na duniya duka? Na ba ka abin da ka roƙa, kana ta yi mini gardama kamar ina gabanka da allo."

Miyao Sun ya ce, "Ya sarki, in na karɓi wannan na koma, gobe ni ne mai madubi, masu tukwane kuma su ne masu kuka. Ba na son in ƙoshi ta wannan hanya."

"To mene ne maganin?"

"A sauke shi. A dasa gora a bakin tsagar, sahu bayan sahu. Madubi turawa yake yi, gora kuwa shanye iska take yi, ba ta kai wa kowa."

"Gora sai ta yi shekaru kafin ta yi duhu. Kafin nan fa?"

"Kafin nan ka sa riga biyu, ranka ya daɗe. Iskarka ce."

Can sai dariya ta ƙwace wa sarki, ya ce a sauke madubi. Ya ƙara da cewa za a aika wa sufaye da buhunan shinkafa daga rumbun fada.

Tsohon ya girgiza kai. "Saura kaɗan, ya sarki. Shinkafarka za ta ƙare, tsoron mutane kuwa ba zai ƙare da sauke tagulla ba. Za su ce abin ya riga ya zauna a wurin. A gaban kowa aka ɓata hanyarmu, a gaban kowa ya kamata a gyara ta. Ka hawo da ƙafarka, da hantsi, ranar kasuwa."

Waziri ya buɗe baki zai yi magana, sarki ya ɗaga masa hannu.

Ranar kasuwa ta zo, mutanen kwari suka ga sarkinsu ya tsallaka gada a ƙasa, da ƙunshin shinkafa a kafaɗa, yana hawa yana haki. Suka tsaya suna kallo su ga ko wani abu zai same shi. Da suka ga ya shige ƙofa lafiya, sai ɗaya ya bi, sai wani, har hanya ta cika.

Aka buga ƙararrawar abinci. A gidan sufaye ba a duban sarauta wajen zama. Wanda ya riga shiga gidan shi ne a gaba, baƙo kuwa a ƙarshen sahu. Aka nuna wa sarki tabarma a bakin ƙofa, inda sanyi yake shigowa. Ya zauna ya ci shiru kamar kowa, ya wanke akushinsa da kansa.

Da zai sauka, Miyao Sun ya rako shi har bakin matakala, ya ce, "Ka gafarta mini tsananin harshe, ya sarki. Tsohuwar ɗabi'a ce."

Sarki ya ce, "Bar shi haka, Malam. Yau na san abin da ban sani ba: duk sharrin da sarki ya kawar daga ƙofarsa, a ƙofar talakansa yake sauka. Mai adalci shi ne wanda yake tambayar inda abin zai faɗa tun kafin ya ture shi."