Jatau Mai Zago da Allon Rimi

A zamanin da, lokacin da fatake ke taka ƙasa da jakuna, an yi wani maharbin dorina a bakin Kwara mai suna Jatau, wanda ke jifanta da zago, wato mashi mai igiya. Makaɗa na yi masa kirari da cewa, "Jatau na Tabawa, zago mai raba dorina da ruwa!" Wata shekara ya bi ayari zuwa Gwanja tare da matarsa Tabawa da ƙanensa Nomau. Suna can yaƙi ya rufe hanyar gida, ayarin ya yi ta gangarawa kudu cikin kurmi har ƙasa ta ƙare musu a bakin teku.

Nan suka kafa bukkoki. Guzuri ya ƙare, gero ya ƙi tsirowa a yashi, jakuna suka soma mutuwa. Kifi kuwa yana can bayan igiyoyin ruwa masu tasowa kamar ganuwa, su faɗo da rugugi irin na aradu. Jatau ya sassaƙa jirgi irin na Kwara, ruwa ya cika shi ya farfasa. Ya sake wani, haka aka yi. Mutane suka daina haɗa ido da shi.

Akwai wata tsohuwa daga masuntan gaɓar da kan zo musayar gishiri da goro. Da ta ga tarkacen jiragen, sai ta ce ta bakin tafinta, "Baƙo, jirginka na kogi ne. Ruwan nan duk abin da ya buɗe masa ciki, sai ya cika shi."

Jatau ya shiga kurmi ya sari rimi. Tsofaffi sun ce ruwan gishiri ne ya tsattsafo daga saran, alhali teku na da nisa. Ya sa gizago ya fitar da allo wanda ya fi mutum tsawo, ba rami a jikinsa, bakinsa a ɗan ɗage. Ya goge shi da yashi har ya yi sumul.

Bai kai ga gwada shi ba Nomau, da kukan yunwar 'ya'yansa ya hana shi haƙuri, ya harhaɗa jirgi daga tarkacen, ya tura shi da sassafe. Kafin hantsi jirgin ya dare. Aka hango Nomau maƙale da wani dutse a tsakiyar kumfa, ruwa kuma yana cikowa.

Jatau ya ɗauki allon. Tabawa ta riƙe masa hannu ta ce, "Maigida, katakon nan ko akuya ba a taɓa ɗora masa ba."

Ya ce, "In na tsaya gwaji, gawa zan ɗauko."

Ya kwanta rubda ciki a kan allon yana tuƙi da hannuwa. Igiyar ruwa ta rufe shi, ya ɓace, mata suka dafe kai, can sai ya ɓullo. Haka ya yi ta yi har ya isa dutsen, ya tarar ƙafar Nomau ta karye, ruwa ya kai masa ƙirji.

Nomau ya ce, "Yaya, ka koma. Ba zai ɗauke mu mu biyu ba."

"Rufe bakinka, ka riƙe."

Ya ɗaure shi a kan allon da igiyar zagonsa. Suna juyowa wata igiyar ruwa ta taso a bayansu, wadda ta tare rana. Jatau bai guje mata ba. Ya daidaita bakin allon da gaɓa, ya bari ta ɗaga su, ya miƙe tsaye yadda ya saba in zai jefi dorina. Wata mata ta soma guɗa, Tabawa ta toshe mata baki, ta ce, "Kada wanda ya yi murna sai ƙafarsu ta taɓa ƙasa."

Ruwa ya watso su kan yashi. Nomau bai motsa ba. Aka yi tsit har sai da ya yi tari ya amayar da ruwa.

Daga nan aka yi ta sassaƙa alluna, ana fita da ƙugiya bayan igiyoyi, yunwa ta kau. Da hanya ta buɗe, da yawa suka ƙi komawa, wurin ya zama gari, ana ce masa Zangon Allo. Har yau idan matasan garin suka hau ruwa, komai gwanintar mutum, ba mai tafi ko guɗa a gaɓa. Kowa kan riƙe numfashinsa, sai mahayin ya taka yashi da ƙafarsa.