Takwas Biyu da Kwale-kwalen Ƙarshe na Parika

An yi wani mutum a nan gaɓarmu ta kogin Essequibo. Ba zan kama sunansa ba, don danginsa suna cikin sahun nan, ko da yake shi da kansa ya ce in ba da labarin. Ɗan manomin shinkafa ne, irin tsofaffin nan da ke riga ladan zuwa masallaci. Ya tashi da kaifin ƙwaƙwalwa, ya haye kogi zuwa babban birni, Georgetown, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a otal-otal. A saman benen wani otal ya fara ganin cacar karta da suke kira poka.

Da labari ya iso gida, uban bai yi hayaniya ba. Cewa ya yi, "Muddin hannunka yana taɓa karta, kada ƙafarka ta taka gidana." Shekara uku cur ba su ga juna ba. Mutumin kullum yana cewa zai je ya durƙusa ya nemi gafara, amma sai ya ci babbar gasa tukuna, don ya shiga gida da kansa a sama. Kun ji dabarar Shaiɗan? Bai taɓa ce masa kada ya tuba ba, sai dai ya ce masa a bari ya huce.

Na ga wasu suna kallona. Ni ban taɓa riƙe karta ba, shi ya yi min bayaninta, ya fi sau ashirin, har na haddace ba da son raina ba. A gasar, kowa yakan biya kuɗin shiga, a ba shi tulin kwabban roba daidai da na kowa. Wanda nasa suka ƙare ya fita ke nan. Wanda ya tashi ya bar kujerarsa, za a riƙa gutsurar tulinsa har ya ƙare. Kowa ana ba shi kati biyu a rufe, sannan a jera biyar a tsakiyar tebur na kowa da kowa. Wanda haɗin katinsa ya fi ƙarfi shi ke kwashe abin da aka zuba.

Mutumin nan kuwa ba ɗan ganganci ba ne. Abokansa har tsokanarsa suke yi, suna ce masa Liman, saboda yawan taka-tsantsan. Yana da ƙa'ida guda da yake alfahari da ita. In aka ba shi kati biyu iri ɗaya masu matsakaicin ƙarfi, kamar bakwai biyu ko takwas biyu, ya ƙara kuɗi, sai wani ya mayar masa da martani ya turo tulinsa gaba ɗaya, to jefar da katin yake yi, ya haƙura. Ya ce min, "Malam, in manyan kati biyu mabambanta ke hannunsa, rabi da rabi ne. In biyu iri ɗaya ne da suka fi nawa, sau ɗaya cikin biyar zan tsira. Wane mai hankali zai ɗora ransa a kan wannan?"

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan. Mutum ne mai auna kati haka, amma bai taɓa zama ya auna kwanakin da suka rage wa ubansa ba.

Wata Asabar aka shirya gasa mafi girma a shekarar, aka fara da hantsi. Da ƙarfe uku aka ba su hutun minti goma, ya fita baranda ya kunna waya. Ya ga ƙanwarsa Shameeza ta kira shi sau goma sha ɗaya. Nan take ya kira ta.

Ta ce, "Yaya, kana ina? Jikin Abba ya rikice tun safe. Likita ya ce a bar shi a gida. Abba ya ce a kira ka."

Ya ce, "Ni? Da bakinsa ya ce ni?"

"Da bakinsa. Ya sa mun juya gadon yana fuskantar ƙofa. Don girman Allah ka taso yanzu, ka san kwale-kwale ba ya jiran kowa."

Duk wanda ke nan ya sani. Daga Georgetown zuwa Parika, tashar kwale-kwale, sa'a ɗaya da wani abu ne in gadar da ke kan hanya ba ta cushe ba. Daga Parika kuma, rana na faɗuwa masu kwale-kwale sun ɗaure, ba mai tsallaka Essequibo cikin duhu. Yana da lokaci. Wallahi yana da lokaci har da saura.

Ya ce mata ga shi nan. Sai ya koma ciki wai don ya ɗauki makullin motarsa da ya bari a kan tebur. Yana isa, mai rabon kati ta riga ta ajiye masa kati biyu a gaban kujerarsa. Ya ɗaga gefensu kawai don ya gani. Takwas biyu.

Ya zauna. Ya ƙara kuɗi. Kowa ya jefar sai wani tsohon mahaƙin zinariya mai suna Lennox, wanda ya yi sa'a biyu bai shiga hannu, wato zagayen wasa, ko ɗaya ba. Lennox ya sa tafukansa biyu ya turo tulinsa duka, ya ce, "Liman, jefar mana mu wuce, mun san halinka. Kai da ko kifi sai ka tambayi wa ya yanka."

Tebur ya fashe da dariya. Shi kuwa ya san abin da ke hannun Lennox, don mutumin da ya yi sa'a biyu shiru ba zai tura duka da wofi ba. A kowace rana jefarwa zai yi. Amma sai wani tunani ya zo masa mai kama da tsoron Allah. Ya ce a ransa, bari in bi shi. In na faɗi, shi ke nan Allah ya sallame ni, in tafi wurin Abba. In na ci kuma, to alama ce Abba zai kai gobe.

Inna lillahi! Kun ji inda ya halaka? Uba yana kira, shi kuma ya miƙa wa kati amsar. Abin da Allah ya riga ya wajabta, shi ne za a sake tambayar kwali a kansa? Ƙafa biyu Allah ya ba shi, ƙofa kuma a buɗe take, ba wanda ya riƙe masa riga.

Ya tura nasa. Lennox ya buɗe sarakuna biyu, katin da suka fi takwas ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutumin ya ce min da ya gan su wani sanyi ya ji a ƙirjinsa, har ya miƙe ya ɗauki makulli. Aka jera kati huɗu, ba abin da ya taimake shi. Mai rabo ta juya na biyar. Takwas.

Takwas uku kuwa sun doke sarakuna biyu. Ɗakin ya kaure da ihu. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Zauna, ɗan gatan Allah! Yau ko ƙasa ka taɓa sai ta zama gwal." Lennox ya tashi ya sa hularsa ya ce, "Ka sha miya, yaro. Amma wannan irin sa'ar ba ta kwana gidan mutum." Aka turo masa tulin da ya fi na kowa a ɗakin. Ya dubi agogo, uku da rabi. Ya ce rabin sa'a kawai.

Ya 'yan uwa, muna tsoron ranar da za mu yi asara, alhali sau da yawa ranar cin ita ce abin tsoro. Akwai bawan da ake saki wa igiya yana ta murna, bai san tsawonta ake ƙara masa ba. Da ya faɗi a hannun nan, da yanzu labarin wani nake ba ku.

Huɗu ta yi, huɗu da rabi ta wuce. Wayar tana ta rawa a aljihunsa, dokar tebur kuma ta hana taɓa waya in kana riƙe da kati, sai ya fake da dokar. Kuma mutumin da aka sani da taka-tsantsan ya zama wani daban. Ya yarda yau ranarsa ce. Ya bi wani da bakwai biyu, rabin tulin ya tafi. Ya bi wani da tara biyu, saura ya bi ɗan uwansa. Biyar da kwata ya fito hannu rabbana, saura mutum uku a kai ga masu samun kyauta.

Sai a lokacin ya tuna yana da uba. Ya figi mota kamar mahaukaci, ya tarar da gada a cushe da masu komawa gida. Da ya isa Parika ana kiran magariba, kwale-kwalen duk a ɗaure. Ya sami wani direban kwale-kwale mai suna Fizul yana naɗe rigunan hana nitsewa, ya kama hannunsa yana roƙo, ya ce ya ɗauki motar ma baki ɗaya.

Fizul ya ce, "Ɗan uwa, ko jirgin sama za ka ba ni ba zan shiga ruwan nan yanzu ba. Ni ma ina da 'ya'ya. Tun ƙarfe biyar nake ihun neman mutum ɗaya in cika kwale-kwale, kana ina?"

Yana tsaye a nan bakin ruwa wayar ta sake kaɗawa. Ni ina ɗakin mahaifinsa a lokacin, ni nake laƙƙana wa tsohon kalmar shahada, don haka abin da zan faɗa da kunnena na ji. Shameeza ta ce, "Yaya, ba sai ka yi sauri ba. Abba ya cika."

Ya ce, "Ya yafe min? Shameeza, ya ce ya yafe min?"

Ta ce, "Na tambaye shi sau biyu. Ya ce in bari ka iso, shi zai faɗa maka da bakinsa."

Washegari ya tsallako da kwale-kwalen farko, ya sami jana'iza. Tun daga ranar bai koma aiki ba, bai koma karta ba, bai kuma koma daidai ba. Matarsa ta gaji ta kwashe yara ta tafi gidansu. Ya rame har ba za ku gane shi ba. Kowace Juma'a yakan tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, kai kana wurin. Me yake shirin faɗa min?" Ina ce masa rahamar Allah tana da faɗi, ya yawaita yi wa tsohon addu'a da sadaka. Sai ya ce ba wannan ya tambaye ni ba. Kuma gaskiyarsa ne. Abin yana damuna ƙwarai, don na so in ce masa e, amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Ban sani ba.

To ga darasin, ba ɓoye-ɓoye. Caca haramun ce ranar da ka faɗi, haramun ce ranar da ka ci. Wanda duk yake da iyaye a raye kuma akwai magana tsakaninsu, kada ya jira alama, kada ya ce sai ya zama wani abu tukuna. Ya tashi daga sallar nan ya tafi tun rana ba ta faɗi ba.

Allah ya kiyaye mu daga nasarar da ke raba bawa da iyayensa. Allah ya ji ƙan tsohon nan, ya sanyaya zuciyar ɗansa, ya sa mu rabu da namu suna masu yarda da mu. Amin.