Hoton Inna da Aka Raba Gida Biyu

Ƙanena mai zane ne, kuma ba don jinina ba ne nake faɗa, hannunsa yana da kyau. Shi ke rubuta allunan shagunan layinmu, daga na mai aski har na mai gyaran waya. A gida Auta muke ce masa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba ya gaya wa kowa abin da yake shiryawa. In ka tambaye shi, sai ya ɗora yatsa a goshi ya ce, "Komai yana nan." Ga shi kuma bai iya ce wa mutum a'a ba. Duk wanda ya kawo shawara sai ya ce to, ya juya, ya bar maganar a cikinsa.

A unguwarmu akwai wata tsohuwar ungozoma da kowa ke kira Inna. Shekara arba'in ta yi tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitinmu. Da tsufa ya zo, ƙafa ta ƙi, sai ɗiyarta ta ce ƙarshen wata za ta ɗauke ta zuwa garin da take aure, gari mai nisa. Mutanen unguwa suka ce ba za a bar ta ta tafi haka kawai ba. Aka yanke shawarar a zana doguwar katangar asibitin da hannuwanmu, a sa bishiyoyi da gidaje a gefe da gefe, a sa hoton Inna a tsakiya, ta gan shi da idonta kafin ta tafi. Mako uku muke da shi. Aka danƙa aikin a hannun Auta.

Yadda ake irin wannan aiki shi ne, a ja layuka da alli a bango, a raba shi gida-gida, a sa wa kowane gida lamba. Sai a raba zanen takarda haka nan, kowa ya kwafi abin da ke gidansa. Ko wanda bai taɓa riƙe burushi ba zai iya. Masu aikin sun kasu biyu. Da safe mata ne, wata tela da muke kira Anti ce shugabarsu, su ke da rabin hagu. Bayan la'asar ma'aikata ne da suka taso daga aiki, Malam na makarantar firamare ke jagorantarsu, su ke da rabin dama. Layin da ya raba su ya bi ta kan hancin Inna daidai. Ni kuwa aikina haɗa fenti, ina nan safe da yamma.

Tun ranar farko na ce, "Auta, ka manna cikakken zanen a bango kowa ya gani."

"Yaya, in kowa ya gani, ina abin mamakin?"

Sai ya sa almakashi ya yayyanka zanen, ya ba kowa ƴan guntayen da suka shafe shi. Ya kawo tamfol biyu, wai saboda ruwan sama, ya ce kowane rukuni in ya tashi ya rufe ɓangarensa, kada wani ya ɗaga na wani. Malam ya ce a buɗe mana guruf na tura saƙonni a waya, Auta ya ce surutu zai yi yawa. Anti ta ce a zauna sau ɗaya a mako ko na minti goma ne, ya ce taro ɓata lokaci ne.

A zanen farko Inna tana tsaye, riƙe da jakarta. Kwana uku da farawa Anti ta tare shi ta ce, "Auta, wa ya san Inna a tsaye? Mu da muka haihu a hannunta, a zaune muka san ta, da jariri a cinya." Ya ce to. Ya je gida ya sake zane, ya kawo wa mata sababbin guntaye. Bayan kwana biyu Malam ya ja shi gefe ya ce, "Da ka ba ta fitila a hannu, ta ɗaga sama, fuskarta na kallon ƙofar asibiti, da ya fi ma'ana." Ya ce to. Ya sake wani zanen, ya kawo wa ƴan yamma. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin babu wanda ya san an canza wa wani komai.

Fiye da mako biyu aiki na tafiya lafiya, domin bishiyoyi da gidajen gefe ba su canza ba. Sai da aka matso tsakiya kaina ya fara ɗaurewa. Da safe Anti ta ce in haɗa shuɗi na zanen da Inna ta ɗaura. Na haɗa bokiti guda. Da yamma Malam ya ce in haɗa kore.

"Koren mene ne, Malam?"

"Na zanen Inna mana."

"Ai shuɗi ne."

Ya zaro guntun takardarsa ya nuna mini, kore ne shar. Na ce a raina wataƙila zane biyu ta ɗaura, ko ɗaya mayafi ne. Na haɗa kore, na ba shi.

Washegari Anti tana wanke burushi ta ce, "Ki ce wa su Malam su kula da ƙafafun jaririn, don a ɓangarensu za su fito." Da yamma na isar da saƙo. Malam ya cire gilashinsa ya dube ni.

"Wane jariri?"

"Wanda ke cinyarta."

"Wadda take tsaye, ina ta samu cinyar ɗora jariri? Ke dai ki haɗa mana rawaya na fitila."

"Wace fitila?"

Muka tsaya muna kallon juna, shi da takardarsa a hannu, ni da sandar motsa fenti. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ce wataƙila Inna biyu za a zana, ɗaya tana budurwa, ɗaya ta tsufa. Wani ya ce a'a, jaririn yana can gefe wajen bishiya. Wani ya ce shi an gaya masa gidansa gwiwar hannu ce, amma ya rantse kunne yake zanawa. Kowa da nasa, babu mai tabbas. Saura kwana biyu a lokacin.

Na kira Auta a waya. Yana can yana neman rumfa da kujeru da lasifika, domin su ma bai yarda ya bar wa kowa ba.

"Auta, Inna a zaune take ko a tsaye?"

"Me suka ce miki?"

"Anti ta ce a zaune, Malam ya ce a tsaye. Jariri ne ko fitila?"

"Duka za su haɗu, Yaya. Na riga na haɗa su."

"A ina ka haɗa su?"

"Ki bar ni da aikina. Kowa ya bi takardarsa kawai."

Ya kashe waya. Gaskiyar magana, shi kansa ya rikice. Ya yi niyyar zana na huɗu da zai ɗinke biyun, ya zana shi a ransa sarai, har ya ɗauka ya raba mana. Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Tamfol yana gabana, hannu kawai zan sa in ɗaga. Na tsaya ina tunanin kada in kunyata ƙanena gaban mutane, na bar shi a rufe.

Ranar buɗewa ta zo, jajibirin tafiyar Inna. Da hantsi layi ya cika. Mata da goyo, maza a tsaye bayan kujeru, ma'aikatan asibiti a bakin ƙofa. Ɗiyar Inna ta turo ta a keken guragu, an yi mata kwalliya da farin mayafi, aka ajiye ta a gaba sosai saboda idonta. Auta ya sha sabuwar riga. Ya kama igiyar tamfol ɗin hagu, Malam ya kama ta dama, suka ja tare.

Bishiyoyin sun yi kyau, gidajen ma haka. A tsakiya kuwa, rabin fuska yana can sama yana kallon ƙofa, da hannu ɗaya riƙe da fitila. Ɗaya rabin fuskar yana ƙasa wajen ƙugun na saman, yana kallonmu da ido guda. Ga kan jariri da kafaɗarsa a kan shuɗin zane, daga nan sai ya yanke, kore ya ci gaba. Wasu sun fara tafi kafin su gani da kyau, tafin ya mutu a hannunsu. Wata mata a bayana ta karkatar da kai hagu, ta karkatar dama, ta ce a hankali, "Ko ba a gama ba ne?"

Anti ta dubi Malam, Malam ya dubi takardarsa, dukansu suka dubi Auta. Shi kuwa igiyar tana hannunsa har yanzu, bakinsa a buɗe. Ban taɓa jin tausayinsa da haushinsa lokaci guda irin na ranar ba.

Inna ta daɗe tana kallon bangon. Ta sa ɗiyarta ta matsar da ita kusa, ta sake dubawa. Sannan ta yafito Auta da hannu. Ya zo ya durƙusa gefen keken.

"Sannunku da aiki, ɗana," ta ce. "Kun sha wahala. Amma wace ce wannan?"

Ba da gatse ta tambaya ba, da gaske take son sani. Auta ya sunkuyar da kai. Ɗiyar ce ta duƙa ta ce, "Ke ce, Inna." Tsohuwar ta sake ɗaga ido, ta gyaɗa kai kamar wadda ba ta son musu, ta ce, "To, Allah ya yi muku albarka." Aka juya keken.

Da safe motarsu ta tashi. Ranar da yamma Auta ya tara mu duka a gindin katangar, karo na farko da ƴan safe da ƴan yamma suka zauna wuri ɗaya. Ya shimfiɗa zanen uku a ƙasa, ya faɗi abin da ya yi ba tare da ya kare kansa ba. Cikin kwata ɗaya na awa aka daidaita: Inna a zaune, jariri a cinya, fitila a gefenta. Muka shafe tsakiyar da farin fenti, muka sake, kwana biyar muka gama. Hoton ya fito kamar ta yi magana. Muka ɗauka a waya muka tura wa ɗiyarta. Ta amsa da cewa ta nuna mata, amma idon ba ya iya ganin abu ƙarami haka. Inna ba ta sake dawowa unguwarmu ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, aikin da hannu da yawa za su yi, dole ido da yawa su ga tsarinsa. In kai ne jagora, ka buɗe shirinka kowa ya gani, in ka canza abu ka sanar da kowa a lokaci ɗaya, kuma kada ka amsa wa mutum biyu to a kan abin da ba zai haɗu ba. In kuma kana cikin masu aiki ka ga abin da ya ɗaure maka kai, ka tambaya a gaban kowa tun da sauran lokaci, ko da wani zai ji kunya. Bango ana iya shafe shi a sake, amma wanda aka yi aikin dominsa ba kullum yake nan yana jira ba.