Yadda Amale Ya Ci Sarautar Hamada

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ko a kanmu za ta ƙare.

Amale shugaban raƙuma ya daɗe a ƙarƙashin Giwa, yana biyayya yana gunaguni. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Giwa da Zaki, sai Zaki ya tako har bakin rijiyar Amale.

Ya ce, "Amale, babba kamarka ke yi wa wata fadanci? Ka hana rundunarta ruwa. In muka ci yaƙi, hamada duk taka ce."

Kan Amale ya kumbura. Ya ce, "Manyan dawa, ka rantse?"

"Na rantse da gezata."

Amale ya tara raƙuma suka cike rijiyoyin kakanninsu da yashi. Ƙishirwa ta karya Giwa, ta kuma kashe ƙananan raƙuma da yawa.

Ranar rabo Amale ya ci ado ya tafi. Ya tarar da Zaki da abokiyar yaƙinsa Damisa sun ja layi a ƙasa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina tawa?"

Damisa ta ce, "Gabas ta Zaki, yamma tawa. Tun kafin ya je wurinka muka raba."

Zaki ya ce, "Amma kai ne sarki. Duk kayanmu a bayanka za su ratsa hamada."

Amale ya koma gida, raƙuma suka zuba masa ido. Ya ce, "'Yan'uwa, ku yi mini dariya, ni na fara tun a hanya. Duk tsawon wuyan nan, ban hango abin da ke gaban hancina ba. Ku tashi mu tone rijiyoyinmu."

Ƙurunƙus kan kusu! Ku rage dariya, ni ma daɗin baki ya sha kayar da ni.