Kaza Tsirara a Wajen Ciyayya

Akwai wani direban bas a Suleja, sunansa Ummaru, wajen shekarar 1994, lokacin da ma'aikata suka cika garin, su kwana nan su yi aiki a Abuja. Shi ke kwasarsu da safe, ya dawo da su da yamma.

A layinsu ana ciyayya. In an yi magariba, kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gidan Baba Bamalli, a haɗu a ci. To nan Ummaru ke mulkinsa. Kwanonsa in an buɗe, mai ne ke fara gaishe ka. Yakan ce, "Duk miyar da ba ta gangaro maka har gwiwar hannu ba, ruwan wanke kwano ce."

Kwatsam fitsari ya fara yi masa gardama. Kafin ya kai Abuja sai ya tsaya sau uku, wai zai duba taya. Rannan wata fasinja ta ce, "Oga direba, wannan tayar taka kullum a cikin ciyawa take?" Mota ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Ya lallaɓa asibiti a ɓoye. Likita ya ce wata tsoka ce ƙarƙashin mafitsara, furostet, takan kumbura wa maza in shekaru sun ja, ta matse hanya. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya dawo bayan wata, ya rage maiƙo da soye-soye, ya riƙe tumatir da ganye. In ya yi wasa, wata rana hanyar za ta toshe gaba ɗaya.

Matarsa Azumi ta tsinci takardar a aljihunsa wajen wanki. Ta kai wa maƙwabciyarsu Ijeoma, wadda nas ce, ta karanta mata. Azumi ta sa aka yanka kaza, ta saɓule fatar, ta cire kitsen, ta dafa ta da tumatir mai yawa, citta, tafarnuwa da zogale. Mai kuwa cokali ɗaya tak.

Ana buɗe kwano a wajen ciyayya, Nata'ala tela ya leƙa ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Ummaru, wa ya tuɓe wa baiwar Allahn nan riga? A rufa mata asiri mana!"

Aka yi ta dariya. Ummaru ya fizge kwanon ya yi cikin gida.

"Ke Azumi! Ni za ki tozarta a gaban maza?"

"Baban Nura, na ga takardar. Don Allah ka ci, tsoro nake ji."

"Wace takarda? Lafiyata ƙalau! Gobe a soya, da fatarta, mai ya sha kanta."

Ƙwayoyin ma masai ya watsa su, kada wani ya gani. Asibiti bai koma ba. Azumi tana soya na waje kamar yadda ya ce, tana ajiye masa ɗan kwanon dafaffiya a ɗaki. Kullum a rufe take ɗauke shi.

Bayan wata biyu, suna cikin cunkoso a Madalla da rana tsaka, abin da likita ya faɗa ya faru. Tun asuba ko ɗigo bai fita ba, mara ta kumbura kamar ƙwarya. Ummaru ya sauko ya durƙushe a bakin titi yana kuka wiwi, gaban fasinjoji da masu talla. Fasinjojin ne suka kai shi asibiti. Aka sa masa robar fitsari, da jaka a ƙarƙashin riga. Mai motar da yake tuƙa wa kuma ya miƙa wa wani direban makulli.

Sati uku bai leƙa ƙofar gida ba. Rannan Azumi ta kawo masa dafaffiyar, ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ɗauka ya fita da shi.

Ya buɗe a tsakiyar tabarma. "Ga kaza tsirara. Ku yi dariya, ni ma duk Madalla ta ga nawa tsiraicin." Ya faɗa musu komai, har jakar.

Ba wanda ya yi dariya. Can Baba Bamalli ya yi gyaran murya.

"Ummaru, shekara biyu ke nan ina tashi fitsari sau biyar kafin kiran salla. Ran da ka fizge kwanon nan, hannuna na kan hanyar kai wa kazar nan."

Nata'ala ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin kwano. "Shi likitan... ran yaushe yake zama?"

Kafin ka ce me, kwano ya koma fes.

Ummaru ya shiga gida ya tsaya daga bakin madafa. "Azumi, ki yafe mini."

Ba ta juyo ba, tana share ido da gefen zani. "Ka sha maganinka?"

Ya sha. Amma robar sai da ya yi wata huɗu yana yawo da ita, motar kuwa ba ta dawo hannunsa ba.

Darasi: Ciwon da ka ɓoye don kada maza su yi maka dariya, shi zai durƙusar da kai a bakin titi. Ka je asibiti, ka sha magani, ka ci abin da mai ƙaunarka ta dafa ko ba mai a kai. Ku tura wa duk wani magidanci da kuka san yana yawan tsayawa duba taya.