Ruwan Wanke-Wanken Iya Tabawa

An ce wai a Gusau an yi wani mai shagon magani, Alhaji Barau, mutum mai tsafta har ta yi yawa. Ɗan'asabe mai gyara ya kafa masa iyakwandishan, ta shekara tana aiki lafiya lau. Da bazara ta kama, sai ta soma rashin kunya: ta tashi, ta yi 'yan mintoci, ta mutu. Ga magunguna na neman lalacewa.

Ɗan'asabe ya bi siririyar wayar da ke kai umarni daga na'urar ciki zuwa ta waje, taƙi-taƙi, bai ga laifi ba. Alhaji ya kai ƙara gaban shugaban masu gyara, Malam Sidi, ya ce a kori Ɗan'asabe daga sana'ar. Bawan Allah kuwa ba shi da wata hanyar abinci.

Malam Sidi ya zo, ko kallon na'urar bai yi ba. Ya zagaya baya, inda aka kafa sandar ƙarfen da aka ɗaura wa wayar da ke kai rarar wutar lantarki cikin ƙasa, ya ga wurin ya bushe ƙayau.

Ya ce, "Alhaji, me ka sauya a nan?"

"Ba komai. Wata Iya Tabawa mai tuwo ce na kora, kullum tana zuba mini ruwan wanke-wanke a gindin bango."

Dattijo ya yi murmushi, ya sa aka kwarara bokiti biyu a wurin. Aka kunna. Har la'asar tana hura sanyi, ko tari ba ta yi ba.

Malam Sidi ya ce, "Ɗan'asabe, sandarka ba ta yi zurfi ba, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta. Ka haƙa sosai, ka zuba gawayi da gishiri. Kai kuma Alhaji, shekara guda tsohuwar nan tana riƙe maka injin da ruwan da take jiƙa ƙasar nan da shi, ka sallame ta ba ko na gode. In za a kori wani, da wa za a fara?"

Alhaji ya sosa ƙeya. Da ƙafarsa ya je ya ba Iya haƙuri. Ta ce, "To, ɗan nan, zan dawo, amma a kafa mini rumfa."

Masu hankali suka ce: kafin ka kori wanda ya dame ka, bincika abin da yake riƙe maka.