Sunan Jaririyar Nomau

Ku matso kusa, jama'a, ku kasa kunne. Zan faɗi wannan labari daki-daki, domin ina tsoron in tauye hakkin wani daga cikin waɗanda ke cikinsa.

A ƙauyen Kwarin Maje akwai wani manomi ana ce masa Nomau. Sau uku matarsa Tabawa tana haihuwa, sau ukun kuma jariri yana zuwa shiru, babu kuka, a lulluɓe shi a kai makwancinsa. Asibiti yana da nisa, da damina kuwa kogi kan raba su da hanyar mota. Saboda haka da ciki na huɗu ya tsufa, sai Nomau ya daina sakin fuska, ko tuwo ba ya iya gamawa.

To, a zangon Kumasi, can ƙasar Gana, akwai wata tsohuwa mai sayar da waina, sunanta Suwaiba. Ita ce ta farko cikin mata ukun da zan ba ku labarinsu. Iyayenta 'yan Kwarin Maje ne, amma ita ba ta taɓa ganin ƙauyen ba. Ta shekara ashirin a gaban tanda tana tara guzurin aikin Hajji. Da ta ji matan zango sun kafa ƙungiyar tura 'yan ƙauyukan gida su koyi aikin unguwarzoma, sai ta kwance abin da ta tara duka, ta ce a ɗauko mace ɗaya daga garin iyayenta. Har yau ba a ce mata Hajiya, kuma ƙafafunta sun riga sun gaza.

Ta biyu wata likita ce daga ƙasar Sudan, mai suna Sumayya. Ta bar babban asibiti da tsohon mahaifinta, ta zo ƙaramar makarantar da ƙungiyar ke tura ɗalibai, ta zauna shekara biyu tana fama da zazzaɓi. Hausarta guntu-guntu ce, ɗalibai suna dariya, ita ma tana yi. Amma in ta ɗauko 'yartsana da robar hura numfashi, babu wasa. Sai ɗaliba ta maimaita har hannunta ya iya aikin da kansa. Kullum tana cewa, "Jariri shiru, ba mutuwa. Hura!"

Ta uku ita ce ɗalibar da aka ɗauko daga Kwarin Maje da kuɗin Suwaiba, Hansatu, bazawara mai 'ya'ya biyu. Ta koma aji da girmanta, ta faɗi jarrabawa sau ɗaya, ta sake zama. Da ta gama aka ba ta aiki a birni har da ɗakin kwana, ta ƙi, ta dawo ƙauye, inda tsofaffi ke yi mata ba'a suna ce mata likitar 'yartsana.

Ranar da Tabawa ta fara naƙuda, Hansatu tana tsallaken kogi, ruwa kuma ya cika. Ta ɗora jakarta a ka, ta shiga, ruwa har wuya. Bayan la'asar aka haifi mace, jiki a sake, shiru. Nomau yana zaure ya ji salatin mata, ya gane salatin, ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarsa ta miƙa hannu za ta ja zane ta rufe jaririyar.

Hansatu ta ce, "Gwaggo, dakata, ba a gama ba."

Ta goge ta, ta gyara mata wuya, ta ɗora robar ta yi ta hurawa. Can sai Nomau ya ji abin da bai taɓa ji a gidansa ba: kuka, siriri, mai tsiwa.

Nan take ya yi alkawari a gaban jama'a cewa yarinyar za ta ci sunan wadda ta cece ta. Sai dai ana gobe suna, magana ta rikice.

Yayansa Jibo ya ce, "Kai Nomau, idonka ya ga wadda ta fito daga kogi jiƙe sharkaf. Me kuma kake nema?"

Hansatu ta ce, "Haba Yaya Jibo, ni ma da rufe ta zan yi, in ba don Malama Sumayya ba."

Mahaifiyar Nomau ta harare ta ta ce, "To, sarkin iyayi, wa ya kai ki gaban Malamar? Da guzurin Makkan wa kika yi karatun?"

Gari ya waye, rago yana ɗaure, an raba goro, maƙwabta sun cika ƙofar gida. Liman ya karkato da kunnensa wajen Nomau yana jira. Yarinya ɗaya ce, suna ɗaya za a raɗa, alkawari kuma an riga an yi.

To, jama'a, ku taimaki Nomau: Suwaiba, ko Sumayya, ko Hansatu, wace ce a cikinsu ta fi cancanta ya raɗa wa liman sunanta?